Jinjina Ga Uwar Ɗakinmu Mai Ɓoye Mana Hotuna

Mutanen Nguru da Gashuwa ba su da rowar yabo. Sarki ya fito, a yi masa kirari. Ɗan siyasa ya haƙa rijiya ɗaya, a yi masa waƙa uku. Masunci ya kamo babban kifi a bikin kamun kifi na Gogaram, sunansa ya zaga har Jakusko da Machina. Amma akwai wata baiwar Allah da take mana bauta dare da rana, ba albashi ba goro, har yau kuwa ban ji wanda ya miƙe a taro ya ce mata sannu ba. Manhajar hotuna nake nufi, wadda ke zaune a wayoyinmu da kwamfutocinmu, tana karɓar duk hoton da muka ɗauka tana kai shi inda ita kaɗai ta sani. Tun da maroƙa sun yi shiru, bari ni in karɓi aikinsu. Ranki ya daɗe, uwar ɗaki, mai karɓar ajiya ba shaida ba rasit!

Wanda bai ga wahalar da ba, ba zai san darajar sauƙin yau ba. A da in mutum yana son hoto, sai ya yi wanka ya zuba babbar riga ya tafi situdiyo, ya tsaya gaban labule mai zanen benaye, ya biya, bayan kwana biyu ya koma ya karɓi katinsa a ambulan. Daga ranar nauyi ya hau kansa, don dole ya san inda hoton yake. Ka tambayi tsohuwa a Gashuwa ina hoton maigidanta na ranar da ya dawo daga Makka, ko ɗago kai ba za ta yi ba za ta ce, "Yana akwatin ƙarfe, ƙarƙashin gado, tsakanin zane na biyu da na uku." Dubi irin wannan azaba! Mace ta shekara arba'in tana dakon wannan sani a kanta. In gara ta ci hoton, an san gara ce. In ruwa ya tafi da shi, kamar yadda ambaliyar 2022 ta yi wa gidaje da dama a ƙasar Bade, an san ruwa ne, an san ranar, an zo an yi jaje. Komai a fili, ba sirri, ba wayewa.

Ko da hoton dijital ya zo, ba a rabu da wannan ƙauyanci nan take ba. Wasu Japanawa marasa dabara ne suka zauna a 1998 suka kafa ƙa'idar cewa kowace kyamara ta riƙa zuba hotunanta a folda guda mai suna DCIM. Har gobe foldar tana nan a wayarka, Tecno ce ko Itel ko Samsung, tana kuma cikin memorin kowace kyamara. Ka jona wayar da kwamfuta, ka buɗe DCIM, ga hotunanka a jere, kowanne fayil ne mai zaman kansa, ka kwafa, ka ba wanda ka ga dama. Ɗan firamare ma zai iya. To ina martabar ilimi in ɗan firamare zai iya? Haka Picasa, wadda Google ya saya a 2004. Ita ma barin hotuna take a inda ta same su, tana nuna maka sunan foldar ƙiri-ƙiri. Mai irin wannan sakin baki, ba mamaki da aka yi mata ritaya a 2016.

Waɗanda suka zo bayanta sun fi ta tarbiyya. Mu fara da Lightroom ta kamfanin Adobe, wadda masu ɗaukar hoton biki ke taƙama da ita tun fitowarta a 2007. Hikimar Lightroom ta kwamfuta ita ce ta baje maka dubban hotuna a allo alhali ba ta riƙe da ko ɗaya. Abin da take riƙewa wani kundi ne da ake ce wa katalog, mai cewa hoto kaza yana wuri kaza, an ƙara masa haske kaza, tare da 'yan ƙananan kwafi na leƙawa. Ainihin hotunan suna can inda aka zuba su ranar farko, wataƙila a kwamfutar, wataƙila a faifan ajiya da aka aro wurin aboki don kwamfutar ta cika. Saurayi mai situdiyo ya gama aikin bikin 'yar wani attajiri, zai rufe manhaja ta tambaye shi ko ta yi masa kwafin ajiya, ya ce e, hankalinsa ya kwanta. Ya mayar wa abokin faifansa, abokin ya goge ya zuba fina-finan Indiya. Ranar da uwar amarya ta aiko a wanke babban hoto na bango, ya buɗe, ya tarar da amarya tana ta murmushi a allo, ga 'yar alamar motsin rai a kusurwar hoton, ga alamar tambaya a kan foldar. Ashe kwafin kundin aka yi masa. Manhaja ba ta yi masa ƙarya ba, shi ne bai iya tambaya ba.

A watan Agustan 2020 ma ta ƙara nuna ƙwazo. Sabuntawar da aka yi wa Lightroom ta iPhone da iPad ta share hotunan wasu mutane da ba su riga sun tura su rumbun kamfanin ba. Adobe ya fito ya ba da haƙuri, ya ce hotunan ba za su dawo ba. Wa ya ce ba a mutunta abokin ciniki? An ba shi haƙuri, kuma ko kwabo ba a caje shi a kan haƙurin ba.

Amma rawanin kunya da kawaici na Apple ne. A ce malami a Jami'ar Tarayya ta Gashuwa ya yi adashi ya sayi MacBook ta hannu, ya zuba mata hotunan shekara goma. Manhajar Photos, wadda ta gaji iPhoto a 2015, sai ta haɗiye su duka ta ƙunshe su a dunƙule guda cikin foldar Pictures. In ka danna dunƙulen, ita ce dai za ta sake buɗewa ta tsaya maka a ƙofa. Mai taurin kai yana iya danna maɓallin dama na linzami ya tilasta a kwance masa ƙunshin. Abin da zai tarar, tun daga 2019, folda 16 ce, daga 0 zuwa 9, daga A zuwa F, kowane hoto kuma an raɗa masa sabon suna mai haruffa da lambobi 32 da ko gwani mai hadda ba zai riƙe ba. Hoton mahaifiyarka yana ciki, babu shakka. A 7 yake ko a C, wannan kuma tsakanin manhaja ne da mahaliccinta. Kamfanin ya ma yi gargaɗin kada a taɓa komai a ciki don kada ginin ya rushe. In kuma ka kunna tsarin tsimin wuri, sai ainihin hoton ya tashi zuwa iCloud, a bar maka ɗan ƙaramin kwafinsa ka riƙa gaisawa da shi. Giga 5 kyauta ne, abin da ya haura sai kuɗin haya duk wata.

Ka ɗauka kwali goma na banda ka kai wa dillali a kasuwar kifi ta Gashuwa. Ya karɓa, ya goge shaidar da ka yi a jikin kwalayen ya sa tasa, ya shigar da su wani sito da ba ka taɓa gani ba, sannan ya miƙo maka zanen kifi a takarda ya ce duk sa'ad da ka yi marmari ka kalla, amma ka riƙa kawo kuɗin sito ƙarshen wata. A kasuwa, kafin la'asar an gurfanar da shi gaban sarkin kasuwa. A kwamfuta kuwa taurari biyar muke ba shi.

Mai Windows kada ya ji an bar shi a baya. Yana kunna sabuwar laftof, ya yi ta danna "na yarda" don a bar shi ya wuce, a cikin dannawar nan foldar hotunansa ta yi ƙaura zuwa OneDrive. Sunan foldar bai canja ba, gidan ne ya canja. Abin da ya goge a nan ya gogu a can. Ga kuma mataimakiyar uwar ɗaki ta shagunan buga takardu, cutar nan ta filash da ke ɓoye foldodin mutum ta bar masa inuwarsu. Ita dai an san muguwa ce, ana zaginta. Laifinta kawai ba ta da kamfani mai rajista.

Akasarinmu dai ba kwamfuta gare mu ba, tarihinmu a WhatsApp yake. Ɗaurin aure, suna, walimar sauka, hawan sallah, takardar fili, sakamakon gwajin ƙoda da aka ɗauka don a tura wa likita a Kano, duk ta nan suke bi. A da foldar WhatsApp tana bakin ƙofa, kana buɗe ma'ajin waya ka gan ta. Da Android 11 ta zo a 2020, aka ga wannan rashin sutura ya yi yawa, sai aka mayar da ita ƙurya. Yanzu sai ka shiga Android, ka shiga media, ka shiga com.whatsapp, ka shiga WhatsApp, ka sake shiga wata Media, sannan ka isa WhatsApp Images. Ƙofa shida ke nan. Ko mai neman ganin sarki a fada ba ya ratsa zaure shida. A can ciki ma akwai wata folda mai suna Sent, inda ake ajiye kwafin duk abin da ka tura, an kuma hana galari nuna ta, don kada ka gane abin da ke cinye maka wuri ranka ya ɓaci. Bayan haka manhajar tana da tausayin data, shi ya sa take matse hoto kafin ta tura. Sai a 2023 aka sa maɓallin HD ga mai son ɓarna. Saboda wannan tausayi, in aka wanke hoton ango da girma, fuskarsa sai ta fito a dame, kowa a dangi yana iya cewa shi ne.

Sai babbar yaya, Google Photos. A watan Mayun 2015 ta fito da albishir: ku kawo, ko nawa ne, kyauta, ba iyaka. Duniya ta kawo. Zuwa ƙarshen 2020 kamfanin da bakinsa ya ce hotunan da ke hannunsa sun haura tiriliyan 4, kowane mako kuma ana ƙara biliyan 28. Da aka tabbatar kowa ya shigo ya miƙe ƙafa, sai aka ce daga 1 ga Yunin 2021 kyautar ta ƙare. Giga 15 ne rabon kowa, a cikinsa za ka zuba imel da takardu da hotuna. In ya cika, wasiƙa ma ta daina shigo maka sai ka biya ko ka goge. Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa, amma ita wannan banzar ta kai zomo, ta kai mai zomon, ta kuma yanka masa haraji.

Tana da wani maɓalli mai albarka da ke tayin samar maka wuri a waya. Ka danna, wayar ta yi sakayau, hotuna kuma suna nan kana ganinsu. Abin da ya faru shi ne an goge na cikin wayar, wanda kake gani leƙe ne ta taga. In kuma daga cikin manhajar ka goge hoto kana zaton na waya kaɗai ka cire, to har na rumbun ya tafi kwandon shara, bayan 'yan makonni a zubar. Mutum ɗaya, hoto ɗaya, gogewa iri biyu, kowace da hukuncinta. Wannan ai fiƙihu ne, sai an zauna gaban malami.

Ka tsaya a rumfar masu cajin waya da tura fina-finai, a Nguru ko a Gashuwa, ba za ka daɗe ba za ka ji irin wannan:

"Ɗana, duba mini wayar nan. Hotunan sunan jikata ne ba na gani."

"Baba Alhaji, an yi mata filashin ne?"

"Wancan makon ta ɗauke, na kai ta gyara."

"To na ciki kam sun tafi, sai dai in suna imel ɗinku. Ku faɗa mini imel ɗin."

"Yaron da ya sayar mini da wayar shi ya buɗe abinsa."

"Ina yaron?"

"An ce yana Legas."

"Lambar sirrin fa, Baba?"

"Shi ya sa, ni ban tambaya ba."

"Layin da aka buɗe da shi yana hannunku?"

"Ai an rufe shi tun lokacin NIN."

"To Baba, hotunanku suna nan lafiya lau, babu abin da ya same su. Ganinsu ne dai ba za ku yi ba."

Maganar yaron ta ƙarshe ta cancanci a rubuta ta da ruwan zinare a ƙofar kowane kamfanin fasaha. Tsaro ya kai tsaro: ɓarawo bai gani, mai kaya bai gani. Kuma don kada Alhaji ya dawwama cikin zullumi, akwai ƙa'idar da Google ya sanar a 2023, cewa daga Disambar shekarar asusun da ya shekara biyu ba a leƙa shi ba ana iya share shi da duk abin da ke ciki. Shekara biyu kacal, sai kowa ya huta.

Masu ƙorafi suna cewa a faɗa musu takamaiman inda hotunan suke. To ga amsa, in za ta yi musu amfani. Suna cikin wasu manyan gine-gine cike da kwamfutoci, an yayyanka su gunduwa-gunduwa an rarraba kwafinsu a wurare daban-daban. Ɗaya daga cikin irin gine-ginen na Google yana garin Hamina a ƙasar Finlan, tsohuwar masana'antar takarda ce da ya saya a 2009, da ruwan teku ake sanyaya injinanta. Kai kana fama da zafin watan Afrilu a Nguru kana neman inuwa, wataƙila wani yanki na hotonka yana can yana shan sanyi. Wane gata ya fi wannan? Shekara da shekaru tsuntsayen Turai suna saukowa Dagona da fadamun Haɗeja da Nguru suna cin abincinmu ba biya, suna komawa. Yanzu mu ma mun sami abin aika wa Turai, ciniki ya daidaita. Hotunan ma sukan yi zumunci: a watan Nuwamban 2019 wata tangarɗa ta sa bidiyon wasu masu ajiya a Google Photos ya faɗa cikin kayan da wasu baƙi suka sauke. Sai a Fabrairun 2020 aka sanar da masu abin, don ba a son gaggawa a harkar amana.

Ziyarar hotunan kuma ba ta da wuya, sabis kawai ake buƙata da data. Mutanen Yobe sun san sabis. A watan Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, an kashe layukan waya, jihar nan ta yi kimanin wata biyu shiru. A lokacin muna cikin jahilci, hotunanmu suna memori, sai muka ci gaba da kallon abinmu muna tura wa juna ta Bluetooth. Mutanen Zamfara, da aka kashe musu nasu a Satumbar 2021, sun riga sun fi mu wayewa, don haka wanda ya danna maɓallin nan mai albarka ya sami hutun kallon hoto. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, bankuna suka rikice, intanet ya yi ta rarrafe. Mutumin Gashuwa da bai taɓa ganin teku ba, ranar ya san yana da dukiya a cikinsa. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Yanzu duk sa'ad da ka yi kewar fuskar mahaifiyarka, sai ka sayi kati. Da can kyauta ake kallon iyaye, shi ya sa ba a san darajarsu ba.

Alherin da ya fi burge ni shi ne na rabon gado. A da in dattijo ya rasu, sai ka ga 'ya'ya suna ja-in-ja a kan albam, wannan ta ce ita ce babba, wancan ya ce shi ya biya kuɗin wankewa. Yanzu an kashe wannan fitina. Wayar marigayi a kulle take da zanen yatsansa, yatsan kuma an tafi da shi. Magada su sayar da wayar, mai saye ya yi mata fomat, a raba kuɗin bisa ƙa'ida, zumunci ya ɗore. Ɗaliban tarihi ma an rage musu aiki. Jirgin ƙasa ya iso Nguru wajen 1930, kuma hoton kati na wancan zamani, in ya tsira daga gara, har yau ba ya neman lambar sirri kafin a kalle shi. Mu da muke ɗaukar hoto ɗari a biki ɗaya, mai bincike na shekara hamsin masu zuwa ba zai sha wahalar tantance namu ba. Zai rubuta cewa mutanen wannan zamani masu tsantseni ne, ba sa son hoto.

Saboda haka ina roƙon mai karatu, don girman Allah, kada ya yi wa uwar ɗakinmu butulci. Kada ka jona wayarka da kwamfuta ka kwafe DCIM da WhatsApp Images zuwa wata folda da ka raɗa wa suna da kanka, da shekara da wata. Kada ka sake kwafe wannan foldar a faifai na biyu ka kai gidan ɗan'uwanka a wata unguwa. Kada ka tura hoto mai muhimmanci a matsayin takarda don ya isa da cikakken girmansa. In kana Lightroom, kada ka danna maɓallin dama a kan hoto ka ce a nuna maka foldarsa. In kana Photos, kada ka fitar da ainihin hotunan waje. Kada ka tambayi yaron shago imel ɗin da ya buɗe maka, balle ka canja lambar sirrin ka rubuta ta a littafi, balle kuma ka tono tsarin wasiyya da Google da Apple suka ajiye a ƙuryar saiti ka sa sunan ɗanka. Kafin ka kai waya gyara, kada ka cire memori.

Wanda kuma ya ƙi jin shawara, ya ɗauki ƙafa ya je situdiyo ya wanke hoton mahaifiyarsa a kati, to babu ruwana. Jikokinsa za su san kamanninta, alhakin kuma yana wuyansa.